Me ya sa matuƙi ba ya ganin wayar lantarki sai ya zo kanta?

Ɗalibin Tuƙi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga manyanmu da suka daɗe a harkar. A rahotannin haɗarin ƙananan jirage, sau da yawa sai ka ga an ce jirgi ya yi karo da wayar lantarki da rana tsaka, sama garau, inji lafiya lau. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum yana cikin mota ma yana hango wayoyin nan tun daga nesa. To yaya wanda likita ya gwada idonsa kafin a ba shi lasisi zai kasa ganinsu? Sakaci ne, ko da wani abu a ƙasa?

Ɗan Tsokana:
Ganganci ne, ba wani abu ba. Sama duk faɗinta ba ta ishe ka ba, sai ka sauko kana goga kan bishiya don a ɗauke ka bidiyo. Me ya kai ka inda waya take tun farko?

Kyaftin Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗan Tsokana, rabin maganarka gaskiya ce, za mu dawo kanta. Bari in fara da yaron nan.

Kai da ke cikin mota daga ƙasa kake ɗaga kai, abin da ke bayan wayar sararin sama ne mai haske, shi ya sa take fitowa baƙa ƙirin kamar an ja layi da biro. Matuƙin da ya yi ƙasa-ƙasa yana kallonta daga sama ko kuma daidai da ita, abin da ke bayanta gona ce, ko duhuwar itatuwa, ko ruwan kogi, ko gefen tsauni. Sabuwar waya tana ƙyalli, amma da ta sha rana da ruwa sai ta dushe ta koma toka-toka, ta saje da duk abin da ke bayanta. Ƙara da gilashin gaba da ƙwari suka fantsama a kai, ƙara da rana in tana fuskarka da safe ko da la'asar.

Ko ka gan ta ma, akwai matsala ta biyu. Ido yana gane nisan abu ne ta girmansa da yadda yake motsi. Mota ko gida suna ƙara girma a idonka in kana matsowa. Waya siririn layi ce a kwance, ba ta girma yadda za ka lura, kuma in kana tafiya kai tsaye gare ta ba ta motsi a gilashi. Za ka iya rantsewa tana can gaba da nisa, alhali tayarka ta kusa taɓa ta.

Malamar Lissafi:
Kyaftin, Allah ya ƙara girma. Bari in sa lamba a kan abin da ka faɗa, don masu ganin kamar wasa ne. Ƙaramin jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa yana cin mita 50 a kowace daƙiƙa. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango abu, ya gane mene ne, ya fahimci karo za a yi, ya yanke shawara, ya motsa hannu, jirgi kuma ya amsa, ana cin daƙiƙa 12.5. Don kauce wa wani jirgi aka yi wannan lissafi, amma ɗan'adam ɗin dai shi ne. Ninka 50 sau 12.5, ka samu mita 625. To wa zai hango abu mai kaurin babban yatsa daga nisan da ya wuce rabin kilomita, kuma bayansa duhun ganye? Ko ka rage lissafin zuwa daƙiƙa 4, ka ce gwani ne mai zafin nama, mita 200 kake nema.

Ɗalibin Tuƙi:
Malama, ke nan lokacin da ka gan ta aikin gama ya gama?

Malamar Lissafi:
Sau da yawa haka ne, ƙanena.

Injiniyan Layi:
Ni ba matuƙi ba ne, aikina manyan layukan wuta. Akwai abin da nake so matuƙa su riƙe. In kun kalli hasumiyar ƙarfe, wayoyin da kuke gani masu kauri, masu rataye a jikin kwalaben nan, su ne ke ɗauke da wuta. A can ƙololuwa kuma akwai wata guda ɗaya ko biyu, siririya, kaurinta wajen santimita 1. Ba ta ba kowa wuta, aikinta ta tare aradu kada ta faɗa wa na ƙasa. Masu kaurin suna yin ciki sosai a tsakiya, kuma cikin yana ƙaruwa in an yi zafi ko layin ya ɗauki kaya da yawa. Ita ta saman ba ta cika yin ciki kamar su ba. Sai matuƙi ya hango masu kaurin sun lotsa a tsakiyar kwari, ya ɗan ɗaga ya haye su da tazara mai kyau a ganinsa, ya je ya auka wa wadda bai san da ita ba.

Kuma kada wani ya ɗauka jirgi zai tsinke ta ya wuce kamar zare. Wayoyin manyan layuka alminiyam ne aka murɗa a kan zuciyar ƙarfe. Akwai nau'in da ake yawan amfani da shi mai kaurin milimita 28, sai an ja shi da nauyin da ya kai tan 14 kafin ya tsinke. Ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172, da mutanensa da man da ke cikinsa, bai wuce tan 1 da ɗan ɗori ba. Kowa ya yi lissafin wanda zai ci wani.

Kyaftin Mai Ritaya:
Injiniya ya gama magana. Shi ya sa ake koya wa kowa: kada ka nemi waya, nemi turke. In dole ka tsallaka layi kana ƙasa, tsallaka ta saman hasumiyar kanta, domin babu wayar da ta fi kan hasumiya tsayi a wannan wurin. In ka ga hasumiya a wannan tudu ka ga wata a wancan, to ka ɗauka akwai waya tsakaninsu ko ba ka gan ta ba. In ka ga an share daji an yi masa tsaga miƙaƙƙiya, waya ce. In ka ga gida ɗaya tilo a tsakiyar gona, tambayi kanka ta ina wuta ke zuwa masa.

Mai Feshi:
Kyaftin, ranka ya daɗe, "nemi turke" yana da daɗi a aji. A fili kuma turken ne ke ɓuya. Falwayar katako tana shigewa cikin bishiyoyin bakin gona, launinsu ɗaya. Sannan akwai ƙasashe irin su Ostireliya da Niyuzilan da ke kai wuta karkara da waya ƙwaya ɗaya tal, ƙasa ce ke zama hanyar dawowar wutar. Wayar ƙarfe ce siririya, an ɗaure ta tamau, tsakanin turke da turke sai a yi ɗaruruwan mitoci, turken kuma ba shi da hannun giciye da zai tona masa asiri. Wannan ita ce makashin jiragen feshi a can.

Sai kai kuma, @Ɗan Tsokana, da ka ce me ya kai mu. Aiki ya kai mu. Feshin gona ana yinsa ne mita 3 zuwa 4 sama da kan shuka, in ka ɗaga iska ta kwashe maganin ta kai gonar maƙwabci. Masu kashe gobarar daji, masu duba bututun mai, masu ɗaukar marasa lafiya da jirgi mai saukar ungulu su sauka a gefen titi da dare, masu ƙirga namun daji, duk a ƙasa abincinsu yake. Kada ka haɗa mu da mai shawagi kan gidan budurwarsa.

Ɗan Tsokana:
Na cire ku, Mai Feshi, kada a fesa mini. Amma mai gidan budurwar fa ina nan a kan bakana.

Kyaftin Mai Ritaya:
A kan wannan ina bayanka. Kuma shi waya ba ita kaɗai ke jiransa ba. Ya sauko ya wuce kan rufi, ya ja hanci sama don burgewa, gudu ya ragu, ya karkata da ƙarfi don ya dawo a sake kallonsa, idonsa na kan masu ɗaga masa hannu. In ka karkatar da fiffike digiri 60 kana riƙe da tsayinka, nauyin da fiffiken ke ɗauka ya ninka biyu, gudun da zai daina ɗaukar jirgin kuma ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Jirgin da ke sitol, wato fiffike ya daina ɗaukarsa, a kilomita 90 a awa yanzu zai yi a wajen 127. In haka ta faru kana ƙafa 3,000 za ka sauke hanci ka gyara, darasi ne da kowane ɗalibi ke yi. A ƙafa 150 babu wurin gyara.

Haka in inji ya mutu. Irin su Cessna 172 suna tafiya mita 9 gaba a duk mita 1 da suka sauka. Daga ƙafa 500 kana da abin da bai kai minti ɗaya ba da fili kamar kilomita 1 da 'yan kai. Daga ƙafa 100 kana da abin da ke gaban hancinka kawai.

Lauyan Zaure:
Tun da an zo nan bari in shigo da doka. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda yawancin ƙasashe suka kwafa, ta ce in ba tashi ko sauka kake yi ba, ko kana da izini na musamman, kada ka yi ƙasa da mita 150, wato ƙafa 500, daga ƙasa ko ruwa. A kan gari ko taron jama'a kuma mita 300, ƙafa 1,000, sama da abu mafi tsayi da ke cikin kewayen mita 600 daga jirgin. Amurka ta ɗan sassauta a kan ruwa da wuraren da ba mutane sosai: kana iya saukowa, amma kada ka kusanci mutum, mota, jirgin ruwa ko gini da ƙasa da ƙafa 500. Turken lantarki kuwa gini ne. Masu feshi da makamantansu suna aiki ne a ƙarƙashin wata dokar daban mai nata horo da sharuɗɗa.

Mafi yawan wayoyin duniya ba su kai ƙafa 200 ba. Wanda ya tsaya a 500 ya bar kusan dukkansu a ƙarƙashinsa.

Injiniyan Layi:
Barista, na ji daɗi da ka ce "kusan". Inda layi ya tsallaka kwari ko kogi mai zurfi, hasumiyoyin suna kan tudu ne, wayar na rataye a sarari ɗaruruwan mitoci sama da ruwa. A Girinlan akwai wurin da waya ta yi tafiyar mita 5,376 ba turke a tsakani, a Nowe ma akwai wadda ta haura kilomita 4. Kana iya kasancewa ƙafa 500 cif sama da ruwan, doka na hannunka, wayar kuma tana saitin gilashinka. Duk mai bin cikin kwari ƙasa da bakin tuddansa yana cikin gidan waya, ko nawa na'urarsa ta nuna.

Mai Feshi:
To Injiniya, tun da kun san haka, me ya hana ku rataya ƙwallayen nan masu launi? Abu ne da ba ya cin wuta, ba ya cin mai. Ran mutum bai kai kuɗin ƙwallo ba?

Injiniyan Layi:
Ana ratayawa, Malam. Kusa da filayen jirgi, da manyan mashigan koguna, za ka gan su, ruwan lemo da fari, wani wurin har da rawaya. ICAO ta ce kada faɗin ƙwallon ya gaza santimita 60, a Amurka kan manyan layuka ana sa mai inci 36, tazarar kamar ƙafa 200 tsakaninsu. Amma layukan wuta a duniya miliyoyin kilomitoci ne. Kowane ƙwallo nauyi ne a kan waya, iska na kaɗa shi, inda ake sanyi ƙanƙara na taruwa a kansa, rana na cinye launinsa. Sa shi a layin da ke aiki sai an kashe wuta ko a kawo helikwafta, wato a aika wani matuƙin ya je ya tsaya dab da wayar da muke cewa a guje mata. A Amurka abin da ya haura ƙafa 200 ne doka ta fi sa wa ido, sai na kusa da filin jirgi. Wayar gonarku mai tsayin mita 10 ba ta cikin lissafin.

Mai Feshi:
Ba ce muku aka yi ku sa a miliyoyin kilomitoci ba. Gonakin da ake fesawa duk shekara sanannu ne. Inda aka taɓa bugun waya sananne ne, ku kuka je kuka gyara ta. Ku mayar da ita yadda take ba alama, ku jira na gaba. Wannan fa?

Injiniyan Layi:
Wannan kam ba ni da bakin karewa. Inda aka taɓa bugawa ya kamata a sa alama, kuma akwai ƙananan alamomi masu juyawa da iska da ake maƙalawa da sanda daga ƙasa, ba tsada. A wasu wuraren manomi ne ke nema a sa masa. Amma ina da tambaya gare ka, ka amsa tsakani da Allah: wayoyin da abokan aikinka suka buga, nawa ne ba su san da su ba?

Kyaftin Mai Ritaya:
Yawwa. Nan nake jira a zo. Hukumar binciken haɗurra ta Ostireliya, ATSB, ta bi rahotannin jiragen feshi da suka bugi waya, ta tarar fiye da rabin matuƙan sun san da wayar kafin su buge ta. Sun gan ta a taswira, sun zagaya gonar sun gan ta da ido, wasu sun tsallake ta sau da dama a ranar. To ƙwallo zai gaya maka abin da ka riga ka sani ne?

Kan mutum ba ya riƙe abu da yawa a lokaci guda. Kana kallon layin da na'ura ke nuna maka, kana duba ko magani ya kusa ƙarewa, wani ya kira a rediyo, bakin feshi ɗaya ya toshe ka waiwaya ka duba. Daƙiƙa biyu ke nan, mita 100 sun wuce. Mafi muni shi ne zagayen ƙarshe, an gama gona sai a dawo a share gefe-gefen da aka bari. Yanzu ka canza alkibla, wayar da ka yini kana haye ta daga gabas ka zo mata daga kudu, jikinka ya saki don ka ga aiki ya ƙare, hankalinka ya tafi gona ta gaba.

Mai Feshi:
Ban musa ba, Kyaftin. Sai dai ban yarda ƙwallo ba shi da amfani ga wanda ya sani ba. Wanda ya manta ai tuni yake bukata. Abu mai launi da ya faɗo gefen idonka shi zai dawo da kai. Mu abin da muke yi, duk juyi sai ka faɗa da baki, "waya a ƙarshen nan", ko kai kaɗai ne a jirgi. In tsari ya canza, iska ta juya ko manomi ya ce a ƙara wancan ɓangaren, sai ka hau sama ka sake zagaye kamar yanzu ka zo. Masu gaggawa ne ke tsallake wannan.

Uwar Biyu:
Ku gafarce ni, ni 'yar kallo ce a nan, ɗana ne ke son aikin. Tsuntsu yana sauka a kan wayar nan ba abin da ke samunsa. In jirgi ya taɓa, wutar ce ke kashe mutane ko faɗuwar?

Injiniyan Layi:
Hajiya, tambaya mai kyau. Tsuntsu waya ɗaya yake taɓawa, kuma ba ya taɓa ƙasa, wuta ba ta da hanyar wucewa ta jikinsa. Jirgin da ya taɓa waya ɗaya a sama haka yake. Amma fiffike yana da faɗin mita 10 ko fiye, yana iya haɗa waya biyu, ko ya ja ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta. Nan take wuta za ta yi tsalle, ga tankin mai a cikin fiffiken. Duk da haka abin da ya fi kisa shi ne wayar ta kama taya ko jela ta kifar da jirgin, ko ta zame ta kan hanci ta yanko gilashi. Balan-balan mai ɗaukar mutane ne wuta ta fi yi wa illa: a watan Yulin 2016 wani ya bugi babban layi kusa da Lokhat a jihar Tekzas, ya kama da wuta, mutum 16 suka rasu.

Abin da nake roƙon kowa ya riƙe, ko ba ya hawa jirgi: in abu ya faɗi da waya a kansa, kada ka ruga taimako. Wayar da ke ƙasa shiru ba ta mutu ba. Layuka da yawa suna da na'urar da ke mayar da wuta da kanta bayan 'yan daƙiƙu, ta gwada ko matsalar ta wuce. Ƙasar da ke kewaye ma tana ɗaukar wuta, mai ƙarfi kusa da wayar, tana raguwa in ana nisa, don haka taku mai faɗi yana sa wuta ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. A tsaya aƙalla mita 10, in babban layi ne a ninka. Wanda ke ciki ya zauna in ba gobara. In dole ya fita, ya yi tsalle ƙafa biyu a haɗe, kada ya taɓa jirgi da ƙasa lokaci guda, sannan ya ja ƙafa a hankali ba tare da ya raba su ba.

Lauyan Zaure:
Abin da ya faru a Merilan ta Amurka a watan Nuwamban 2022 ke nan. Ƙaramin jirgi ƙirar Mooney yana neman sauka a Getasbag cikin hazo da duhu, ya yi ƙasa fiye da kima, ya shige cikin hasumiyar lantarki ya maƙale kamar ƙafa 100 daga ƙasa. Mutum biyu na ciki da rai. Sai da suka shafe wajen awa 7 a rataye, domin masu ceto ba su taɓa jirgin ba sai da aka tabbatar layin ya mutu, aka haɗa shi da ƙasa, aka ɗaure jirgin kada ya zame. Dubban gidaje suka shafe awoyi cikin duhu.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Awa bakwai. Allah ya tsare mana.

Makanikin Helikwafta:
Amin, Hajiya. Kada dai ki hana yaro, akwai kariya. In kin lura da jirgi mai saukar ungulu za ki ga wani abu kamar ƙaho a saman gilashi, wani a ƙarƙashin hanci. Almakashin waya ne. Wani kamfanin Kanada, Bristol Aerospace, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1970 don jiragen soja. Waya in ta bugi gaba sai ta zame ta faɗa bakinsa, gudun jirgin da kansa ya yanke ta. Jiragen feshi ma suna da wuƙa a ƙafafun taya da gaban gilashi, da wata igiyar ƙarfe daga saman ɗakin matuƙi zuwa kan jela don waya ta zame ta wuce.

Sai dai yana da iyaka. An yi shi ne don waya ɗaya mai kaurin kamar santimita 1, a buge ta kusan kai tsaye kuma da gudu. In ka zo mata a karkace, ko a hankali, ko ta shiga tsakanin ƙahon da farfelar sama, ko ka tarar da damin nan na Injiniya mai tan 14, babu abin da zai yi. Akwai kuma na'urar da ke jin wutar da ke cikin waya ta yi ƙara, amma ba ta jin layin da aka kashe, ba ta jin igiyar da ke riƙe da dogon ƙarfen sadarwa. Taswirar kwamfuta kuma abin da aka shigar mata kawai ta sani. Wayar da aka ja makon jiya ba ta ciki.

Ɗan Tsokana:
To ni na kawo shawara: in ka ga waya ta taso maka, bi ta ƙarƙashinta mana. Ba ga fili nan ba?

Mai Feshi:
Kana wasa, amma ana yi. Inda babban layi ya ratsa tsakiyar gona, jirgi cike da kaya, wani lokaci bi ta ƙasa ya fi aminci a kan ka ja sama ka sake faɗowa sau hamsin. Amma shiri ne tun daga ƙasa: an auna tsayin wayar, an san tsayin jelar jirgi, an duba babu shinge ko mota ko wata ƙaramar waya a ƙarƙashi, kuma an koya maka. Idonka na kan ƙasa, ba ka kallon wayar, don inda ka kalla nan hannu ke kai ka.

Kyaftin Mai Ritaya:
Ɗalibai, wannan sakin layin ba naku ba ne. Mai Feshi, da ka bar shi a cikinka. Wanda ya yanke shawarar bi ta ƙasa a daƙiƙar da ya ga waya ya riga ya makara, ƙasar zai buga ko jelarsa ta kama.

Mai Feshi:
Tambaya aka yi, ranka ya daɗe. Gara su ji da sharuɗɗansa a nan da su gani a bidiyo ba sharaɗi.

Lauyan Zaure:
Kafin ku rufe babin ganganci, a tuna ba matuƙi kaɗai ke biya ba. Ranar 3 ga Fabrairun 1998 jirgin yaƙin sojan Amurka da ya tashi daga sansanin Abiyano ya bi cikin wani kwari kusa da Kabalese a arewacin Italiya, da gudu fiye da yadda aka yarda masa, ƙasa da tsayin da aka yarda masa. Fiffikensa ya yanke igiyar da ke ɗauke da akwatin da ke kai mutane kan dutse. Mutum 20 suka faɗo, babu wanda ya tsira. Jirgin ya koma ya sauka da mutanensa huɗu lafiya. Kotun soja ta wanke matuƙin daga laifin kisa, daga baya aka same shi da laifin lalata faifan bidiyon da aka ɗauka a tafiyar. Ba ƙaramin jirgi ba ne, na sani, amma kwari ne da igiya da mutumin da ya sauka inda ba a aike shi ba.

Ɗalibin Tuƙi:
Na gode ƙwarai, iyayena. Saura guda. Wanda ba ganganci ya kai shi ba fa, gajimare ne ya yi ta sauka yana danna shi ƙasa, ko inji ya tsaya? A raina na ɗauka titi zan nema, tun da shi ya fi kama da filin sauka.

Kyaftin Mai Ritaya:
Na gajimaren, maganinsa juyawa tun kana da sarari. Yadda abin ke faruwa kullum iri ɗaya ne: ka sauka ƙafa 800 don ka ga ƙasa, can gaba 600, sai 400, kana cewa bayan wancan tudun zai washe. Ka kama bin titi ko kogi don kada ka ɓata, su kuwa nan ne wayoyi da dogayen ƙarafan sadarwa suka fi yawa, ga shi ganinka ya ragu. Ka sa wa kanka lamba tun kana ƙasa, ka ce in gajimare ya kai ni ƙasa da kaza na juya, kuma in ta kai ka juya ba tare da ka sake shawara da kanka ba. In baya ma ya rufe, sauka a fili mai kyau da injinka yana aiki ya fi ci gaba da lalube.

Titi kuma, a kula. Layin wuta yana bin gefensa, kuma duk inda gida yake a ɗaya hannun akwai waya da ta tsallaka, ga alluna, ga motoci. Daga sama za ka ga kwalta shimfiɗe tas, wayoyin sai kana ƙafa 50 za su bayyana. In akwai gona shimfiɗaɗɗiya, ita ce farko. Kana saukowa ka duba gefunanta huɗu, domin turaku sun fi bin iyakar gona, ka shigo da ɗan tsayi ka haye iyakar sannan ka sauke. Gara ka ƙarasa cikin shingen can ƙarshe da gudun keke a kan ka kama waya a bakin shiga da gudun jirgi.

Mai Feshi:
A ƙara masa da ƙarafan auna iska da ake kafawa kafin a gina injinan lantarki masu farfela. Siraran bututu ne launin toka, igiyoyi sun ɗaure su ta kowane gefe, ana tayar da ɗaya cikin kwana guda a gonar da jiya babu komai. A Amurka an riƙa yinsu ƙafa 190 da wani abu don kada su kai 200 ɗin da doka za ta ce a yi musu fenti da fitila, har sai da suka kashe matuƙan feshi, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta fitar da gargaɗi a 2011. Injiniya, wannan ma za ka ce nauyin ƙwallo ne?

Injiniyan Layi:
Waɗannan ba namu ba ne, Malam, na masu neman iska ne. Amma in ka ga ɗaya, ka ba shi tazarar da ta kai tsayinsa ta kowane gefe, don igiyoyin suna sauka nesa da gindinsa, kuma sun fi wayata siranta.